Ruku'un Malam Babakura

Malam Babakura ya dafa ƙyauren ɗakinsa da hannun hagu, ya soma sunkuyawa a hankali yana kasa kunne kada wani ya shigo. Yatsun hannun damansa suka bi cinya suna neman gwiwa. Saura ƙiris su kai, sai abin ya taso masa daga ƙugu, ya bi ta bayan cinyar hagu ya sauka har babban yatsa. Ya ciji leɓe, ya miƙe da ƙyar, gumi na bin gemunsa.

"Ai na gan ka," in ji matarsa Fanna.

Tana tsaye a bakin labule da kwanon kunun gyaɗa. Zamansu ya kai a ce ta san ƙaryarsa tun kafin ya buɗe baki, amma duk da haka sai da ya gwada.

"Carbina nake nema."

"Ga shi nan a wuyanka."

Ta ajiye kunun a kan taga, don tun da ya dawo daga asibiti a tsaye yake cin abinci kamar doki. Ba ta yi masa faɗan da ta saba ba, wannan ne ya sa ya dube ta da kyau.

"An aiko daga gidan Bappa Bobboyi," ta ce. "Ya cika da hantsin nan. Ana jiran ɗansa ya ƙetaro daga Girei. In jirgin fito bai ɓata musu lokaci ba, bayan Azahar za a yi masa salla a ƙofar masallaci."

Malam Babakura ya yi salati, ya jingina da bango. Bobboyi shi ne ladanin masallacin unguwarsu ta Dubeli a Jimeta tun zamanin mahaifin Malam, Goni Sheriff, wanda ya zo daga Borno da buzunsa da tawadarsa ya kafa wurin. Muryar Bobboyi ce ke tashin Malam sallar Asuba tun yana yaro. Ya ji mutuwar har cikin ransa. Amma a bayan baƙin cikin wani tunani ya leƙo, wanda ya ba shi kunya: yau duk unguwa za ta cika masallaci da Azahar, har da manyan baƙi daga cikin Yola, kuma kowa zai ga wanda ya tsaya a gaba.

Wajen shekara biyu ke nan bayan nan yana ba shi wahala. An yi masa ƙaho har gadon bayansa ya koma kamar faifai, an gasa shi da ruwan zafi, ya sha rubutun da ya rubuta da hannunsa, ya sha na wasu. Da ƙafar ta soma hana shi barci, ɗan'uwansa Alhaji Deribe ya sa shi a mota suka yi doguwar tafiya zuwa babban asibiti a Zariya. A can aka ce wani guringuntsi ne da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya. Aka tsaga, aka cire, aka ɗinke, aka sallamo shi da wata ɗamara mai ƙarafa a ciki da kuma doka: kada ya sunkuya, kada ya zauna a ƙasa, kada ya ɗauki ko da buta, sai bayan wata uku a sake dubawa.

Ga mai shago wannan doka hutu ce. Amma aikin liman, in an cire karatu, ai sunkuyo ne da tashi. Kuma ba wanda zai tuna wa Malam Babakura hukuncin, don shi ya koyar da shi a zaurensa shekara da shekaru: wanda ba ya iya ruku'u da sujada sallarsa ta yi da ishara, amma ba ya jan masu lafiya. Saboda haka wata guda ke nan yana salla a ɗaki, a tsaye, yana gyaɗa kai, yana jin muryar na'ibinsa Jibrilla ta kan katanga. Jibrilla ɗalibinsa ne, ɗan gidan Fulanin Yola, mai daɗin murya da ladabi. Ba abin da ke ci wa Malam rai kamar yadda ya rasa laifin yaron.

Ƙararrawar keke ta yi ƙara a zaure. Absalom ne, maƙwabcinsu, malamin asibiti a Jimeta, wanda kan biyo kowace safiya ya duba ɗinkin. Ya yi gaisuwar mutuwa, ya sa Malam ya kwanta rubda ciki a kan ƙyauren katakon da aka shimfiɗa masa a madadin katifa.

"Waje ya warke da kyau," in ji shi, yana latsa gefen tabon. "Amma ciki bai warke ba tukuna. Juyo in ga ƙafa."

Ya ciro mabuɗin kekensa ya ja a tafin ƙafar hagu. Malam ya janye.

"Madalla. Ɗaga babban yatsa. Tura hannuna. Ƙara." Ya gyaɗa kai. "Yana ciwo?"

"Kamar an zura mini waya mai zafi."

"To ka gode Allah."

"Absalom, kai ma ka soma wa'azi ne?"

Absalom ya yi dariya. "A'a, Liman, wannan naka ne. Amma ka ji nawa. In ƙafa yana ciwo, jijiya yana da rai, ƙara yake kawowa. Ranan da ka ji ciwo ya tafi farat ɗaya, ƙafa ya yi shiru kaman ba naka ba, kar ka yi murna. Ka aiko a kira ni ko ina wurin aiki. Wannan ba na jira ba ne."

Yana ɗaure masa ɗamarar, Fanna ta yi magana daga bayan labule. "Ka tambaye shi abin da na tarar yana yi ɗazu."

Absalom ya tsaya da igiyar a hannu, ya dubi ƙeyar Malam. "Ni ban ce ka bar salla ba. Allah ai ya san an yanka ka. Amma wurin da aka cire abin nan, ƙofa ne da ba a rufe ba. Ka sunkuya da ƙarfi, saura zai iya fitowa. Na biyu ya fi na farko muni."

"Na ji."

"Kullum kana ji." Ya ɗaure igiyar tam. "Zan zo wurin Baba Bobboyi in an fito da shi. Shi ya fara ba ni ruwa ranan da na tare a unguwan nan."

Bai daɗe da fita ba aka ji tsayuwar motar Alhaji Deribe. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Iyayensu tare suka zo daga Borno, shi ya ci gaba da fataucin yadi, shi ne kuma ya yi wa masallacin rufin kwano. Ya zauna a kujera, Malam na tsaye a kansa kamar mai jiran hukunci. Suka yi wa juna ta'aziyya. Deribe ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Gara ka ji daga bakina," ya ce. "Mai unguwa da dattawa za su zauna in an dawo daga maƙabarta. Maganar ladan ce, amma ka san ba a nan za ta tsaya ba."

"Wata uku aka ce mini. Ɗaya ya wuce."

"An ce a sake dubawa bayan wata uku. Ina wurin, ɗan'uwa, ni na riƙe maka riga. Likita bai ce za ka koma kamar da ba." Ya sassauta murya. "Da ma Bobboyi ne ke tare maganar. Ya ce muddin yana da rai ba zai tayar wa kowa iƙama da sunan liman ba sai ɗan Goni. To ga shi Allah ya yi ikonsa."

"Jibrilla ne ya turo ka?"

"Haba. Yaron da ko buzunka ba ya yarda ya taka? Tabarma yake shimfiɗawa a gefe, ya bar buzun Goni a inda yake. Ba ruwansa. Mutane ne ke cewa jama'a ba ta zama a kan aro." Deribe ya gyara zama. "Ga shawarata. Ka riƙe raɗin suna da ɗaurin aure da jana'iza, duk ba mai sunkuyo a ciki. A bar wa Jibrilla salloli biyar. Girmanka yana nan."

"Wato in zama limamin jarirai da matattu."

"Ban faɗi haka ba."

"Mahaifina ya ja Asuba ranar da ya rasu."

"Mahaifinka ba a tsaga masa baya ba."

Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Deribe ya tashi tafiya. Malam Babakura ya raka shi da ido har labule, yana jin kamar an shigo an auna ɗakinsa tun yana ciki. Ba ya tsoron yunwa, yana da ɗalibai da gona a bakin kogi. Abin da yake tsoro shi ne ya wayi gari ya zama tsohon da ake gaisarwa don lada. In ya ja Azahar ɗin yau lafiya a gaban kowa, ba dattijon da zai iya buɗe baki a zaman yamma. Raka'a huɗu ce kawai.

Da rana ta take, zafin bazara ya kwanta a kan Jimeta, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Aka ji kiran salla, muryar Jibrilla ce a wurin da aka saba jin ta Bobboyi. Fanna ta zuba masa ruwan alwala a tsaye, ta durƙusa ta wanke masa ƙafafu. Ya shiga ɗaki ya haɗiye ƙwayar maganin rana, ya haɗa da ta dare. Sannan ya kai hannu baya ya kwance ɗamarar, don da ita a jiki mutum ba ya iya lanƙwasa ko da ya so. Ya tura ta ƙarƙashin matashi, ya zura farar babbar rigarsa, ya naɗa rawani.

A tsakar gida Fanna ta dubi ƙugunsa sau ɗaya ta gane.

"Malam, ka yi wa Bappa sallarsa kawai. Ita ai a tsaye ake yinta tun daga farko har ƙarshe. Ka bar wa yaron nan Azahar."

"Ke ma kin bi sahun Deribe?"

"Ni sahun bayanka nake bi. Ni na kwana ina juya ka a Zariya." Ta tare masa hanya. "In ka faɗi a can, ba ni da ikon shiga cikin maza in ɗauko ka."

"Ba zan faɗi ba."

Ta kauce masa. Ya zura takalmansa na fata marasa maɗauri, ya fita yana tafiya a miƙe, yana ƙoƙarin kada a ga yana tausaya wa ƙafar hagu.

An riga an kawo makarar an ajiye a inuwar darbejiya, an lulluɓe ta da sabuwar tabarma. Masallaci ya cika har waje. Da aka hango shi sai sahu ya riƙa tsagewa, ana ta gaishe shi, wasu da laƙabin malami na Fulani, "Modibbo, sannu da jiki", "Liman, an samu sauƙi?" Ya riƙa amsawa da murmushi. A gaba Jibrilla ya waiwayo, ya gan shi, nan da nan ya naɗe tabarmarsa ya ja da baya.

"Modibbo," ya ce a hankali, kansa a ƙasa, "jikin zai iya?"

"Tayar da iƙama."

Ya hau buzun mahaifinsa. Gashin ya sha taku har ya kwanta a wurin ƙafafu da wurin goshi, kuma tafin ƙafarsa ya gane shi. Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta da shi. A bayansa daidai Jibrilla ne, ga Deribe a dama, a hagu kuma wani babban malami baƙo daga cikin Yola, mai rigar da ta sha aiki. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, muryarsa ta cika ɗakin, jama'a suka amsa da tasu.

Azahar ba a bayyana karatu, saboda haka ba abin da ake ji sai kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi. Ya gama sura, ya sunkuya a hankali. Wayar nan mai zafi ta motsa, amma tafukansa suka kai gwiwa. Ya ɗago. Ya sauka sujada yana dogara da hannuwa, ya daɗe kafin goshinsa ya taɓa buzu, ya daɗe kafin ya tashi. Waɗanda ke baya wataƙila sun ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru masa a asibiti. Da ya miƙe a raka'a ta biyu rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma zuciyarsa na cewa ga ɗaya ta tafi.

A ruku'u na biyu ya ɗan saki jiki. Bai kai ga gwiwa ba ya ji wani abu ya yi ɗas a ƙugunsa, ƙarami, kamar tsinkewar zaren carbi. Sai wuta ta zubo masa a ƙafa. Numfashinsa ya ɗauke. Ya danƙi gwiwoyinsa, ya yi tasbihi uku, ya ce wa bayansa tashi. Bayan ya ƙi. Ya ƙara uku, ya sake gwadawa. Ko motsi.

Mamu ba ya ɗagowa sai liman ya ɗago. Masallaci guda, da na waje a cikin rana, kowa na sunkuye yana jiran sa. Ya ji wani tsoho ya soma nishi. Ya ji ƙashin gwiwar wani ya yi ƙara. Gumi na ɗiga daga hancinsa yana ɓacewa cikin gashin buzu. Daga can baya wani ya ce, "Subhanallah," a hankali, irin tunin da ake yi wa limamin da ya yi mantuwa. Wani ya maimaita. Deribe ya yi gyaran murya.

Malam Babakura ya san abin da ake yi, shi ya koyar. Limamin da ya gaza a tsakiyar salla yakan miƙa hannu baya ya jawo wani daga sahun farko ya ƙarasa da jama'a. Bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ko don karyewar alwala. Ya saki gwiwa ɗaya, ya kai hannu baya ta hagu, yatsunsa suka taɓa aikin rigar baƙon nan na Yola. In shi ya jawo, za a ce girmama baƙo ne da larurar yini ɗaya, ba wanda aka naɗa. Ya riƙe bakin rigar na ɗan lokaci. Amma baƙo zai ƙarasa wannan ya koma gidansa. La'asar fa? Magariba fa, da Asubar gobe? Tsofaffin nan da ke rawar gwiwa a bayansa mutanen mahaifinsa ne, ba a kawo su don su riƙe masa girma ba.

Ya saki. Ya lalubo bayansa daidai, ya kama rigar Jibrilla ta farin yadi marar ado, ya ja.

Jibrilla ya yi turus. Malam ya sake ja da ƙarfin da ya rage masa. Sai yaron ya tako a sunkuye, ya raɓa ta gefensa, shi kuma ya ja da baya da kaɗan-kaɗan har ya shiga gurbin da aka bari a sahu, kafaɗarsa ta jingina da ta Deribe. Wurin liman ƙunci gare shi, ba inda za a kauce. Yana kallo ƙafafun Jibrilla suka yi jinkiri a bakin buzun, sannan suka hau.

"Sami'allahu liman hamidahu," in ji Jibrilla.

Masallaci ya ɗago da ajiyar zuciya. Shi kaɗai ya rage a sunkuye. Sai da aka tafi sujada, ba mai ganinsa, ya riƙa hawa cinyoyinsa da hannu kamar mai hawa tsani har ya miƙe. Ya ƙarasa sallar a tsaye a tsakiyar sahun farko, yana gyaɗa kai, mutane na sauka suna tashi a gefensa. Kunya ta ishe shi, har ya gwammace ciwon.

Abin mamaki, kafin a kai zaman tahiya ciwon ya soma janyewa. Wutar ta lafa daga yatsa, ta bar ƙwauri, ta bar cinya. Da aka yi sallama ba abin da ya rage sai wani nauyi a ƙugu. Rabonsa da jin ƙafar nan shiru haka tun kafin a soma yi masa ƙaho. Sai haushi ya kama shi. Ashe da ya ƙara haƙuri kaɗan da ya ɗago da kansa. Ya yi gaggawar ba da abin da ba a ƙwace ba. Har ya fara lissafin La'asar: in ya huta, ya sha magani, wa ya sani?

Ba wanda ya yi masa maganar. Mutane suka yi ta kawar da ido, irin kawaicin da ya fi zagi ciwo. Deribe ya miƙo hannu zai riƙe shi, ya ture. A bakin ƙofa wani ya juya masa takalmansa, ya zura, ya fita cikin jama'a.

An ɗauko makarar daga inuwa an ajiye ta a filin gaban masallaci, wajen alƙibla. Yashi ya yi zafin da in aka fasa ƙwai zai soyu. Masu gaggawar da suka fito ba takalmi suna ta ɗage ƙafa suna neman inda za su taka. Aka ja sahu. Ɗan mamacin, da ƙurar hanya a jikinsa, ya dubi Jibrilla, ya dubi Malam, bai san wa zai yi wa magana ba. Jibrilla ya koma cikin sahu ya harɗe hannuwa.

"Bisimilla, Modibbo," ya ce. "Kai Bappa ya ce ka yi masa salla."

Malam Babakura ya tako gaban makarar. Ya lura yana ɗan jan ƙafar, ya ce a ransa gajiya ce. Mutane suka zare takalma suka tsaya a kansu yadda aka saba. Shi ma ya zare na dama ya taka. Ya nemi na hagu da yatsa, bai ji komai ba. Ya tattare rigarsa ya leƙa.

Ba takalmi a ƙafar. Tana tsaye tsirara a kan yashin da ke ƙona kowa, ta yi furu-furu da ƙura, babban yatsan ya goge a ƙasa har jini ya fito ya haɗu da yashi. Ya ce wa yatsan ɗago. Yatsan bai san da shi ake ba.

Ya waiwaya. Can gefen fili, inda maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a inuwar darbejiya, ga Absalom riƙe da kekensa a hannu ɗaya, takalmin fata a ɗayan. Ba fuskar Malam yake kallo ba, layin da ƙafar ta ja a kan yashi tun daga ƙofar masallaci yake bi da ido.

Tsoro ya sauko wa Malam Babakura, mai sanyi, tun daga wuya. Ya saki rigar ta rufe ƙafar. Bobboyi na kwance yana jira, kuma ba a sa gawa jira. Ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Muryar ta fita cikakkiya, har na ƙarshen sahu suka ji. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, ya roƙa wa tsohon gafara da sunansa da na mahaifiyarsa, ya roƙa masa yalwar kabari da sauƙin tambaya. Ya yi ta huɗu, ya sallame. Tun daga farko har ƙarshe bayansa a miƙe yake kamar na saurayi.

Matasa suka sunkuya suka ɗauki makarar, jama'a ta bi su. Shi bai motsa ba. Jibrilla ya dawo kusa da shi, ya rage tsawo.

"Modibbo, ka gafarce ni, na taka..."

"An yi buzu don a taka ne. Ka naɗe tabarmar nan taka ka kai gida." Ya gyara tsayuwa. "Ka ja su La'asar. In dattawa sun zauna, ka ce wa Deribe na riga na yi magana a cikin salla, kowa ya gani."

Jibrilla ya buɗe baki, Malam ya yi masa nuni da makarar da ta yi nisa. Ya tafi yana waiwaye.

Fili ya rage daga shi sai Absalom, wanda ya jingine keken ya zo ya durƙusa a gabansa. Bai yi faɗa ba, bai tambayi ɗamara ba. Ya ɗaga bakin rigar, ya kakkaɓe yashin da ke yatsan da gefen hannunsa.

"Zan je in tsayar da Alhaji kafin ya wuce maƙabarta," ya ce. "Yau za ku kama hanyar Zariya, ba gobe ba."

"Ƙafar za ta dawo?"

"Ban sani ba, Liman. Wani yana dawowa in an yi sauri."

Malam Babakura ya dubi ƙofar gidansa. Labulen zaure ya ɗan motsa, ya san wadda ke bayansa. Tazarar ba ta da yawa, amma bai taɓa ganinta da nisa haka ba. Ya dafa kafaɗar Absalom, ya kafa ido a gaba don ba ya son ya sake kallon ƙasa.

"To, sa mini takalmin mu tafi."

Absalom ya ɗago kai ya dube shi.

"Na sa tun ɗazu, Liman."